Kama da wane ba ta wane: neman muryar tsohon fiyanon lantarki

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, kamar an haɗa baki. Na zaɓi huɗu daga ciki. Ta farkon ce za ta cinye mana fili, domin amsarta ta shafi sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Shekara huɗu ke nan ina kiɗa a wani situdiyo a Titin Zoo, kuma da fiyanon Yamaha PSR nake komai. Kwanaki yayana ya tura mini tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen Amurka na shekarun 1970, sai na ji wani fiyano mai taushi kamar an kaɗa ƙararrawa a cikin bargo, can kuma sai ya yi gurnani. An ce mini sunansa Rhodes. Na nemo muryar da aka rubuta wa E.Piano a nawa fiyanon, abin ya fito kamar na wasan yara. Na tara 'yan kuɗi. Wasu sun ce in sayi Nord, wasu Korg SV-2, wasu Yamaha CP73. Wanne ya fi kama da na asalin? — Wani makaɗi, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Na haura shekara talatin ina danna fiyano, ban taɓa jin wanda ya siffanta Rhodes kamar yadda ka yi ba. Ƙararrawa a cikin bargo! Kunnenka lafiya lau yake, kuma da shi za ka je kasuwa, ba da bakin abokai ba.

Bari mu buɗe akwatin tukuna, don ba a neman mai kama da mutum sai an san fuskar mutumin. Harold Rhodes malamin fiyano ne a Amurka. Lokacin yaƙin duniya na biyu yana koya wa sojojin sama da ke kwance a asibiti kiɗa, sai ya ƙera musu ɗan ƙaramin fiyano da bututun aluminiyam da ya ciro daga lalatattun jiragen yaƙi, wanda za a ɗora a cinya ana kan gado. A 1959 ya haɗa gwiwa da Leo Fender mai ƙera jita, kuma bayan kamfanin CBS ya saye Fender a 1965 ne aka fito da babban mai madannai 73, wanda su Herbie Hancock da Chick Corea da Stevie Wonder suka yayata.

A cikinsa babu kwamfuta, babu ko tsirkiya ɗaya. In ka danna, wata 'yar guduma ce ke dukan siririn tsinken ƙarfe, tsinken ya riƙa karkarwa a gaban maganaɗisu da aka naɗe da waya, irin wanda ke jikin jitar lantarki. Sirrin duka a nan yake. In ka taɓa a hankali, tsinken bai yin nisa, sai ka ji ƙararrawar nan mai tsabta. In ka maka, tsinken ya yi lilo ya wuce gaban maganaɗisun ya dawo, sai sautin ya kece, ya yi wannan gurnanin da masu kiɗa a can suke kira haushi, kamar na kare. Wato ba ƙarfin sauti kaɗai ke canzawa tsakanin taɓi da duka ba, muryar ce kanta take zama wata. Ka san mai kalangu in ya matse hammata, gangar ba ƙara take yi ba, magana take canzawa. To haka.

Yana da ɗan'uwa da ake yawan rikita su, Wurlitzer, wanda aka fara ƙerawa a 1954. Shi harshen ƙarfe mai faɗi gudumar ke duka, ana saita muryar kowane harshe da ɗigon dalma a bakinsa. Madannansa 64 ne, muryarsa ta fi fita ta hanci, kuma ya fi saurin cizo: ba sai ka doke shi sosai ba zai fara masifa. Da shi Ray Charles ya girgiza Amurka a 1959, kuma samfurin 200A na 1974 shi ne wanda yawancin na'urorin yau ke kwaikwaya.

Sai na uku, wanda nake so ka lura da shi. A 1983 Yamaha ta fito da DX7. Wannan babu guduma babu tsinke, lissafi ne zalla, bisa dabarar da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford. Yana da wata muryar fiyano mai ƙyalli kamar an ƙwanƙwasa kofin gilashi, ita ce ta cika waƙoƙin soyayya na shekarun 1980 da kiɗan coci har gobe. Ita ce ma ta taimaka wajen kashe wa Rhodes kasuwa, har aka daina ƙera shi a tsakiyar shekarun 1980. Sau da yawa yaro zai zo mini ya ce Rhodes yake nema, in na kunna masa sai ya yamutsa fuska, in na kunna ta DX7 ya ce yauwa. Irin wannan sai in ce ya koma gida da kuɗinsa, don wannan muryar tana cikin kusan kowane PSR. Kai da ka ambaci bargo da gurnani, Rhodes na gaske kake nufi.

Na'urorin zamani hanya biyu suke bi wajen kwaikwayo. Ta farko naɗa: a sami tsohon fiyano mai lafiya, a danna kowane madanni a hankali a naɗi sautin, a ƙara ƙarfi a sake naɗa, haka hawa-hawa. Ta biyu lissafi: a koya wa na'urar yadda guduma da tsinke da maganaɗisu ke hulɗa, ita ta haifi sautin a lokacin da ka danna. Fiyanon zamani yana auna ƙarfin yatsanka daga 1 zuwa 127. In hawa uku kacal aka naɗa, to duk waɗannan matakai 127 murya uku za su raba, sai dai a ƙara sauti ko a rage. Abin da ke sa E.Piano ɗinka ya yi kama da na yara ke nan: murya ɗaya ce ko biyu ake ta ƙara mata ƙarfi ana ragewa.

Saboda haka ga yadda nake gwadawa, kuma ba ya cin minti goma. Da farko ka kashe duk kwalliyar da aka yi wa sautin, musamman amsa-kuwwar da aka rubuta wa Reverb. 'Yan kanti sun san amsa-kuwwa hoda ce, tana rufe ƙuraje. Sai ka zaɓi madanni ɗaya a gefen hagu, ƙasa da tsakiya kaɗan, ka rufe ido, ka danna shi sau ashirin, kana farawa da taɓin da da ƙyar za a ji kana ƙara ƙarfi har ka kai duka. Abin da kake saurare shi ne ko muryar tana hawa kamar gangaren tudu, ko kuwa tana tsalle kamar matattakala. In ka ji wurin da ƙararrawa ta koma haushi farat ɗaya, a daidai wuri guda kullum, ka kama su. Ranar da kake tsakiyar kiɗa wannan tsallen zai riƙa faɗo maka inda ba ka gayyace shi ba.

Bayan nan ka riƙe madannin ka saurari yadda sautin ke mutuwa. Na asali yana canza launi yana dusashewa, ƙararrawar ta fara tafiya ta bar gunji a baya. Na banza za ka ji an ɗauki guntun sauti ana ta maimaitawa. Ka saki yatsa a hankali: akwai wani ɗan "tup" da ake ji lokacin da matashin da ke kashe sautin ya koma kan tsinke. Ƙaramin abu ne, amma rashinsa ne ke sa kiɗa ya yi kama da hoto maimakon mutum. Daga ƙarshe ka bi madannai goma a jere. A tsohon fiyano kowane madanni da halinsa, wani ya fi ɗan'uwansa haske, wani ya ɗan shaƙe. In duk sun fito kamar 'yan makaranta a layi, sauti ɗaya aka ja aka shimfiɗa.

Ni kaina ban koyi wannan a araha ba. Shekarun baya na shiga wani kanti, mai kantin ya danna waƙar gwaji da ke cikin na'urar, ɗakin ya cika, na zaro kuɗi ban ko zauna ba. Daren farko da na fita da ita wajen wani biki, na nemi haushi a tsakiyar kiɗa na rasa, na yi ta duka har wuyan hannuna ya yi tsami. Wata uku na sayar da ita da asara. Ana cewa gani ya kori ji, amma a sana'armu ji ma bai isa ba, sai yatsa ya taɓa.

Yanzu ga waɗanda ka lissafo. Wani abu tukuna: da yake sunayen nan mallakar wasu ne, ba lallai ka ga an rubuta Rhodes a jiki ba. Ka nemi Rd, ko Tine, ko Mk I. Wurlitzer kuma Wr, ko Reed.

Nord Electro, jan nan, kamfanin Clavia na birnin Stockholm ke yin sa tun 2001. Naɗaɗɗun muryoyinsa suna da kyau ƙwarai, kuma kana iya cire wadda ba ka so ka sauko da wata kyauta daga rumbun kamfanin. Amma ka kula da harafin da ke bayan lambar. Electro 6D madannansa ba su da nauyi sosai, irin na masu kiɗan ogan, don haka haushin kan kufce maka ba ka shirya ba sai ka saba. Mai HP shi ne mai guduma. Sannan kuɗin Nord ɗaya zai saya maka na'ura mai kyau ta wani kamfanin har biyu, kuma rabin abin da kake biya na muryar ogan ne, wadda ba ka tambaye ni ba.

Korg SV-2 ya fito a 2020, magajin SV-1 na 2009. Yana da kwalbar lantarki ta gaske, irin ta tsofaffin rediyoyi, tana haske a gaban na'urar, ita ke ba sautin ɗumi da ƙura-ƙura in ka murɗa. A wajena ya fi kowa kama da Rhodes da ya sha wuya a hanya. Madannansa masu nauyi ne sosai, kuma mai 73 ɗin ya kai kusan kilo 17. In a bayan babur kake zuwa aiki, ka tuna da wannan.

Yamaha CP73 na 2019 kilo 13 ne, madannansa suna da guduma amma ba su kai na SV-2 tauri ba, kuma jerinsu daidai yake da na Rhodes mai 73. Muryoyin suna ɗauke da shekarar fiyanon da aka naɗa, kamar 73Rd da 78Rd, kuma kowane abu da nasa abin murɗawa a gabanka, ba sai ka shiga lalube a allo ba. Akwai kuma wanda abokanka ba su ambata ba, Crumar Seven na Italiya, wanda lissafi yake yi ba naɗa ba. A gwajin madanni ɗaya da na gaya maka, hawansa sumul ne. Sai dai muryar babban fiyanonsa ba ta burge ni ba, kuma in ya lalace a Kano za ka sha yawo kafin ka sami mai taɓa shi.

Ga abin da abokan ba su gaya maka ba. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke da gangunan da ke bin ka da kansu kamar PSR. Nord Electro 6 da SV-2 ba su da ma sandar lanƙwasa murya, wadda kuke ja don sarewa ko goge su yi kuka. CP73 yana da ita. Saboda haka kada ka kuskura ka sayar da PSR ɗinka don ka cika kuɗi, shi ke ciyar da kai.

In ni ne kai, tunda aikinka a situdiyo yake kuma kwamfuta na gabanka, ba zan sayi ko ɗaya ba tukuna. Zan haɗa PSR ɗin da kwamfuta ta wayar USB in gwada manhaja. Pianoteq ta Faransa da Lounge Lizard ta Kanada lissafi suke yi, ba su da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma za ta ɗauka. Keyscape naɗa ce, tana da daɗi matuƙa, amma wajen gigabait 77 take ci, ka lissafa datar saukewa. In muryar ta zauna a waƙoƙinka har mawaƙa suka fara nema, sai ka sayi allon madannai mai guduma wanda babu sauti a cikinsa, kuɗinsa bai kai rabin waɗancan ba. Ranar da fita ta kama ka kuwa, CP73 zan ɗauka. Wannan ra'ayin hannuna ne, naka hannun yana iya ƙaryata ni.

Tambaya: Yallabai barka da aiki. Ni nake danna fiyano a cocinmu. Mun sayi mai kyau, in na sa abin kunne a gida muryar Rhodes ɗin tana yawo daga wannan kunne zuwa wancan har tsigar jikina ta tashi. Amma ranar Lahadi sai ta fito a sandare, babu yawon, babu daɗin. Ko na jabu aka sayar mana? — Wata 'yar'uwa, Jos

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, fiyanonki lafiyarsa ƙalau. Zan iya rantsuwa waya ɗaya ce ke fita daga bayansa zuwa mahaɗar sauti, a ramin da aka rubuta L/Mono.

Wannan yawon da kike ji an kwaikwayo shi ne daga Rhodes samfurin Suitcase, mai zaune a kan akwatin sifikokinsa. Abin da yake yi shi ne jefa sautin hagu, ya jefa dama, ya dawo. Lokacin da hagu ke sauka dama na hawa. In aka zuba su biyun a waya ɗaya, sai hawan wannan ya cike saukar wancan, ki ji shiru babu motsi. Magani biyu ne. Ko dai ki roƙi mai kula da sauti ya ba ki layi biyu, ya karkata ɗaya hagu gaba ɗaya ɗaya dama gaba ɗaya, in har sifikokin cocin an haɗa su ta yadda kowane gefe ke cin gashin kansa. A majami'u da yawa ba haka aka haɗa ba. Ko kuma ki haƙura da yawon, ki zaɓi karkarwar da ake kira Tremolo, wadda sautin ke hawa da sauka a wuri ɗaya. Ita ce ta Wurlitzer tun asali, shi da ma bai san hagu da dama ba, kuma ba ta ɓacewa a waya ɗaya.

Sauran daɗin da kika rasa kuwa laifin ginin ne. Rhodes yana da kauri a ƙasa, ɗakin siminti mai rufin kwano kuma yana ƙara masa, ga mai jitar bes a gefe yana zuba nasa. Ki rage ƙasan kaɗan, ki ɗan murɗa Drive har ki fara jin ƙaiƙayi a muryar, ki kashe amsa-kuwwa don ginin ya riga ya ba ki kyauta. Hannun hagu kuma ki sassauta masa, sauti biyu sun isa. In mawaƙa da ganguna sun taso gaba ɗaya, gwada komawa Wurlitzer. Muryarsa ta hanci tana ratsa hayaniya inda Rhodes ke nutsewa.

Tambaya: Malam, a wajenmu wuta sai a hankali, kuɗina kuma ba su kai na sabo ba. Akwai mai aiki da batir? In kuma ɗan kwatano zan saya, me zan duba? — Wani ɗalibi, Maraɗi

Amsa: Akwai, ƙanena. Yamaha Reface CP na 2015 batir shida ƙanana yake ci, bai kai kilo 2 ba, kuma muryar Rhodes da Wurlitzer da ke cikinsa ta kunyata na'urori da suka ninka shi kuɗi. Aibinsa madannai 37 ne 'yan mitsi-mitsi, mai manyan yatsu zai yi ta taka biyu. Amma yana karɓar wayar MIDI, kana iya danna shi daga wani babban allo. Sama da shi akwai Yamaha CK61 na 2023, shi ma yana cin batir kuma da sifikarsa a jiki. Ƙasa da su a kuɗi akwai Casio CT-S1, wanda bai kamata a raina ba. Abin da ban yarda ka saya ba shi ne wanda bai jin ƙarfin yatsa sam, irin PSR-E273. Ba laifinsa ba ne, don masu koyo aka yi shi, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ɗan kwatano kuwa, fara da juya shi ka karanta bayansa. Kayan da suka fito daga Amurka wasunsu wutar 120 kaɗai suka sani, tamu kuwa ta haura 200, sakan ɗaya ya isa ka ji ƙauri. Sannan ka bi madannai ɗaya bayan ɗaya, kowanne a hankali sannan da ƙarfi. A ƙarƙashin kowane madanni akwai 'yar roba mai matatsa biyu, na'urar tana auna tazarar lokacin da ke tsakanin taɓuwarsu ne ta san ƙarfin dannawarka. In ƙura ta shiga ɗaya, madannin ko dai ya yi shiru, ko ya riƙa fita da cikakken ƙarfi ko da shafa shi ka yi. A muryar Rhodes wannan yana nufin madanni ɗaya zai riƙa yi maka haushi a tsakiyar waƙar lallashi. Gyaran ba wuya, buɗewa ne a goge, amma ka sa a rage maka kuɗinsa. In ka kai gida ka ɗinka masa riga, don hunturun Maraɗi ba ya tausayin roba.

Tambaya: Baba, me zai hana in nemi na asalin kawai in huta? — Wani mai karatu, Kaduna

Amsa: Babu abin da zai hana, in kana da ƙarti biyu da mota. Mai madannai 73 yana kusan kilo 60. Tsinkayensa suna karyewa, kuma daga waje za ka yi odar kowanne. Saitin muryarsa da hannu ake yi, ana tura wani ɗan zoben waya gaba ko baya a jikin kowane tsinke, guda 73. Sabo ma akwai, wani kamfani a Leeds ta Ingila ya fito da MK8 a 2021, sai dai kuɗinsa kuɗin mota ne.

Wanda na fara taɓawa a rayuwata a nan Kadunar taku yake, a ɗakin ajiyar wani otal, bayan ƙungiyar makaɗan wurin ta watse. Madannai huɗu sun mutu, ɓeraye sun ci auduga a ciki, ƙafa ɗaya da bulo aka tokare. Na roƙi mai gadi ya jona mini shi, na zauna daga la'asar har aka kira magariba. In ka ji labarin irinsa a wani sito, ko a coci ko a gidan rediyo, kada ka bari a kai shi wa 'yan gwangwan. Rubuto mini, ni zan zo da motar.